Rabon Yaya Na Tsarki

Auta na cikin matse zanin gadon Baba sai ga yayanta ya shigo, fes da shi cikin farar riga, yana ƙamshin turaren coci. Katikis ne, mai koyar da addini a coci, kuma ko gaisuwa zai yi sai ya tuna maka da haka.

"Auta, yau da ke aka yi wa'azi!" in ji shi. "Fada, limaminmu, ya karanta mana koyarwar Paparoma. Ashe tsarki ba na su Fada da sistocin coci ba ne kaɗai. Mai wanki, mai shara, mai jinyar tsoho, kowa yana samu a bakin aikinsa. Na miƙe na ba da misali da ke, aka yi ta tafi."

Ta saki zanin cikin baho, ruwa ya fantsamar masa a takalmi. Ranta ya ɓaci. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ba ta taka ƙofar coci ba. Keken ɗinkinta ya yi tsatsa, masu kawo mata aiki sun watse. Ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita ke kwashe abin da ba ya faɗuwa. Shi kuwa gogan sai ran Lahadi ya leƙo, ya sa wa Baba tsarkakakkiyar gurasar da ake kira Jikin Yesu a harshe, ya yi addu'a a tsaye don kada wandonsa ya yamutse. Ko makon jiya ta roƙe shi ya riƙa karɓarta yini guda a mako, ya ce aikin Ubangiji ya sha masa kai.

"Tafi aka yi?" ta ce. "To Yaya, Paparoman cewa ya yi ƙanne mata kaɗai?"

"Haba, kowa da kowa ya ce."

"Madalla. Ni dai na ƙoshi. Ba zan cinye tsarkin gidan nan ni kaɗai in bar ka hannu wofi ba."

Ta danƙa masa tawul da man shafawa, ta tura masa fo da ƙafa.

"Ke, ina da taron kwamiti da yamma! Ki ji tsoron Allah mana!"

"Wurinsa za ni ai. Akwai sujadar Misa da yamma a coci."

Ta ɗaura ɗankwali. A bakin ƙofa ta tsaya. Ta san kanta sarai, in Baba ya yi nishi sau ɗaya, ta dawo ke nan, kuma ba za ta sake fita ba. Ta waiwaya.

Yaya ya riga ya ajiye tawul ɗin, yana shirin sulalewa. Amma hannun Baba mai lafiya ya damƙi gefen farar rigar, ya tattare ta tamau. Tsohon ya dubi Auta, ya yi ta kokawa da karkataccen bakinsa har maganar ta fito.

"Je ki."