Sharar Gidan Niƙa

Buhun shara ya sake raguwa. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ajiye, na sake ɗagawa. Jiya kuwa har wuya na cika shi.

Niƙa ce sana'ata. Garin da ya zube ƙasa na mai inji ne, haka muka taras. Nakan share shi da ƙurarsa da tsakuwarsa, in zuba a buhu a bayan shago, awakina su ci. Ba a taɓa taɓa min shi ba sai bana.

Bana kuwa kowa ya ji a jikinsa. Tun da aka rufe masaƙar da ke ƙarshen titi, unguwa ta mutu a tsaye. Mai shayi ya kife tukunya. Tela sai korar ƙuda. Mai kawo min niƙa a bokiti ta koma kwano, mai kwano ta daina zuwa. Zama ya gagare ni. In leƙa titi, in dawo in goge injin da na riga na goge, in sake leƙawa.

"Mai inji, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji mai aski, maƙwabcina. "Rediyo ta ce tattalin arziki ne ya durƙushe."

"To a tashe shi mana."

"Wa zai tashe shi? Gashi ma ya daina tsiro. Tun safe kai ɗaya na samu, shi ma mai sanƙo."

Ban yi dariya ba. Na ce masa sata ake min, kuma duk wanda na kama, sai unguwa kaf ta san fuskarsa.

* * *

Da rana ta take, na ja ƙofa kamar na tafi gida. Muka laɓe a ciki ni da mai aski, ido a hujin langalanga. Gumi har cikin kunne.

Mace ce. Ta rufe fuska da mayafi, ga goyo a baya, ga kwano da rariya a hannu. Ta durƙusa gaban buhun. Ta ɗiba, ta tankaɗe, ta waiga, ta tsince tsakuwa, ta sake waigawa.

Mai aski ya cika baki da iska zai yi ihu. Sai goyon ya juyo da kai.

Na toshe masa baki da tafina. Jikana ne, mai sunana. Matar ɗana ce, wadda kunya ba ta taɓa barinta ta ɗaga ido a gabana ba.

Da ta tafi na sake shi.

"Ka ga wani abu?"

Ya goge baki. "Ni? Ai idona ya daɗe da lalacewa, mai inji."

* * *

Ɗana direban masaƙar ne. Har yanzu kullum da safe sai ya wuce ta ƙofar shagona, riga a goge, kamar mai zuwa wani wuri. Na tsayar da shi.

"Kai, yaya gida?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Aiki fa?"

"An ce an kusa buɗewa."

"Akwai masara a ɗakina. Ka je ka ɗauki rabi."

Ya ɗago kai. Wuyansa na yawo a cikin riga.

"Wa ya ce maka muna nema? Asirinmu a rufe yake. Kai ka ce namiji ba ya miƙa hannu, ko ga ubansa."

Ni na faɗa. Ya yi sallama ya wuce, yana sauri kamar ana jiransa.

Na san ɗana. Ranar da ya ji inda matarsa ke samo abin da take ɗora masa a wuta, auren ba zai kwana ba. Ita kuma in ta gane na gan ta, ba za ta sake dawowa ba, ko da yaron zai kwana yana kuka.

* * *

Na ɗauko masarata na niƙa, na sake niƙawa har ta yi laushi. Na juye sharar gaban awaki, na cika buhun da gari mai kyau, na ja shi bayan shago.

Na tsaya ina kallonsa. Ya yi fari da yawa. Ko makaho ya san wannan bai taɓa ƙasa ba.

Na sunkuya, gwiwa na ƙara, na ɗebo ƙura daga ƙarƙashin inji. Na tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya, saboda yaron ya fara haƙori. Sannan na barbaɗa ƙurar a kan garin.