Raguna a Hanyar Tirmini

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara zafi irin na gab da damina, ko ganye ba ya motsi. Ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidanmu a Kara-Kara, cikin masu zaman makoki. Yayana Sallau muka binne shekaranjiya. Shi ya koya mini gyaran birkin manyan motoci, garajinmu ɗaya, ni in shiga ƙarƙashin mota, shi ya tsuguna a gefe yana miƙo mini kayan aiki. Mutane suna zuwa, a ɗaga hannu, a shafa, su tafi. Ina cewa amin. Ban ji komai a jikina ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Wayarsa tana aljihuna. Matarsa Lubabatu ce ta ba ni, ta ce ba ta son jin ƙararta a ɗaki. Da ta yi ƙara na ɗauka. Wani ne yake magana da sauri, yana kirana Sallau, don muryarmu ta yi kama. Ya ce shi ne Ado direba, ya ɗauko ragunan Layya daga wajen Gouna zai kai Yamai, bai kai Tirmini ba birki ya kama, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya ce in ba a zo ba rana za ta kashe dabbobin. Ina jin kukansu ta bayan muryarsa. Na ce masa ina zuwa, ban ƙara komai ba.

Na gaya wa kawunmu a kunne. Ya ce dabba ma rai ce, in je, su suna nan. Na ɗauki jakar kayan aiki na hau moto, wato babur ɗina.

Tun daga nesa na hango babbar motar, kamyon ne, rabinsa a kan kwalta rabinsa a yashi, babu bishiyar kirki a kusa. Warin ƙonannen birki ne ya fara tarbata. Hawa biyu aka yi wa motar da katako, sama raguna, ƙasa raguna, an cusa su jiki da jiki. In mota tana tafiya iska tana ratsa su, su jure. Yanzu kuwa duk sun buɗe baki, cikinsu yana bugawa. Mai su, wani dattijo mai malafa da ake kira Malam Hassan, yana zagaya motar yana leƙawa ta tsakanin katako. Na tambaye shi ko ba za a sauke su ba. Ya ce a kan tudun lodi aka hau da su, nan babu tudu, mutum biyu ba za su iya sauko da na sama ba, in ma an sauke wa zai tare su a bakin hanya.

Ado ya fito daga inuwar gaban mota, gajere ne mai ƙiba, rigarsa ta jiƙe.

"Au, kai ya turo? Shi Sallau ya yi girman da ba ya fita rana ke nan?"

"Yaya ya rasu. Shekaranjiya aka kai shi."

Ya tsaya da baki a buɗe. Ya yi salati, ya cire hula ya mayar, ya ce wallahi da ya sani da bai kira ba. Malam Hassan ya matso ya ɗaga hannu, muka yi addu'a a tsaye, raguna suna kuka a kanmu. Da muka shafa na ce Ado ya gaya mini yadda aka yi.

Ya ce tun da suka bar Damagaram yake jin huci a baya, allurar iska tana sauka a hankali. Ya tsaya ya bi ƙarar, ya tarar daga wani rami a ƙasan bawul take fita, wanda yake tsakanin ƙafafun baya. Sai ya yi masa abin da ake yi wa randa mai yoyo. Ya sari reshen aduwa, ya feƙe, ya buga a ramin da dutse, ya naɗe da robar taya. Hucin ya ɗauke, ya ji daɗi. Ba su yi nisa ba mota ta fara nauyi, ƙafafu suka fara hayaƙi, ta tsaya.

Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na gaya masa yadda abin yake, kamar yadda aka gaya mini. In direba ya taka birki, 'yar iska kaɗan ce take tasowa daga gaba, ɗan aike ce kawai. Ita take zuwa ta tura wannan bawul ɗin, shi kuma ya buɗe wa babbar iska ƙofa daga tankin da ke kusa, ta shiga tukwanen ƙarfen da ke bayan kowace ƙafa, birki ya kama. In ya ɗaga ƙafa ƙofar ta rufe, iskar da ke cikin tukwane ta dawo ta fita ta wannan ramin na ƙasa. Ita ce hucin da ake ji in babbar mota ta tsaya. Mu hanci muke ce wa ramin. In an toshe shi iska ba ta da mafita, birki ba ya saki.

Ado ya ce to ai hancin nan ba ya daina hurawa. Na ce haka ne, kuma sau da yawa ba laifin bawul ba ne. Kowace tukunya ɗaki biyu ne, na birkin ƙafa da na birkin ajiye mota, da roba a tsakani. In robar ta yage, iska ta tsallaka ta biyo tiyo da baya, ta zo ta fita ta hanci. Da ya toshe, sai ta taru ta danne dukan ƙafafun.

Ya share zufa ya ce in kwance masa birkin baya duka, zai lallaɓa da na gaba. Na ce ba zan yi ba, mota da kaya, ga mutane da amalanke a hanya. Ya fara rantsuwa cewa ya taɓa yi har Maraɗi. Malam Hassan ya katse shi.

"Ɗana, yi abin da ka sani. Amma ka dubi bakinsu."

Na sa suka tokare ƙafafu da duwatsu. Na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashi. Kwalta tana ƙona bayana ta cikin buhun, fitsarin raguna yana ɗiga ta tsakanin katako a wuyana. Ban matsa ba. Na warware robar, na kama reshen da awartaki, na ja. Iska ta fashe da ƙarfi, ta watso mini ƙura da baƙin mai a fuska. Na ji ƙarafan birki suna saki ɗaya bayan ɗaya.

Sai neman tukunyar da ta lalace. Na riƙa kwance tiyo, in shafa miyau a bakin ramin, in jira kumfa. Ta hagu ce, can baya. A cikin ɗakinta na biyu akwai murɗaɗɗen ƙarfe mai ƙarfin gaske, shi yake danne birki in iska ta ƙare, dole a ja shi baya da doguwar ƙusa a ɗaure. Na zura ƙusar. Na miƙa hannu waje ina jiran a sa mini kile, abin murɗa ƙusa, a tafi, ban ko duba ba. Hannun ya daɗe a miƙe. Sai na jawo jakar da ƙafa na ɗauka da kaina. Ƙarfen da zafi, na naɗe hannu da tsumma na yi ta murɗawa har ya ɗauru. Na rufe tiyon tukunyar da murfinsa, na mayar da sauran.

Ado ya tada mota. Allura ta hau, ta tsaya, ba ta sauko ba. Na ce ya taka ya saki. Hancin ya yi huci ɗaya gajere ya yi shiru. Na ce masa ƙafa ɗaya ba ta da birki yanzu, ya tafi a hankali ya tsaya a Tirmini, a ba dabbobi ruwa a inuwa, gobe da safe zan kawo sabuwar tukunya.

Malam Hassan ya hau sama ya duba. Ya kira mu da murya ƙasa-ƙasa. Wani farin rago mai baƙin kunne ya faɗi, 'yan'uwansa sun tattake shi, idonsa ya juye. Muka ɗaura masa igiya muka sauko da shi ta gefe. Dattijon ya ce a yi sauri kada ya zama mushe. Na riƙe ƙafafun, Ado ya danne kan, dattijon ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ya sha cikin yashi nan da nan. Ina jin ƙafafun suna harbawa a hannuna, suna raguwa, har suka daina. Na ci gaba da riƙewa sai da Ado ya taɓa kafaɗata.

Aka ɗora shi a bayan kan mota, aka cire duwatsu. Ado ya leƙo ta taga ya ce zai zo gida ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Malam Hassan ya koma sama cikin ragunansa, yana ɗaga kan wannan, yana ture wancan. Akwai gorar ruwa ɗaure a motona, ban sha ba tun fitowata. Na kwance na miƙa masa sama mota tana fara motsi. Ya karɓa bai dube ni ba, ya buɗe bakin wani rago da yatsa yana tsiyaya masa.