Na'urar Kunnen Baba Tela

…kuma ba zai tashi daga bencin nan ba, ko da za su kulle gidan wayar da shi a ciki. Baba Tela ya zauna ke nan. Ya aika na'urar kunnensa gyara, an gyara, an sako ta hanya, sai masu raba wasiƙu suka tsunduma yajin aiki. Yau kwana goma sha tara. In babu ita, duniya duk motsin baki ce.

Ga takardar da suka manna a ƙofa, har ya haddace ta: a saurari rediyo, ko a kira wannan lamba don jin halin da ake ciki. Don ji! Wane mai basirar ne ya rubuta wannan? Ya zo ya ari kunnen nan na yini ɗaya mana.

Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi tana magana kanta a sunkuye. Ɗago, 'yar nan, ɗago in ga bakinki… Ta nuna takardar. Ya nuna kunnensa. Ta sake nuna takardar. To, a yi ta yi, shi da ya shekara arba'in yana zura zare a allura, haƙuri za a gwada masa? Ga buhuna can jibge bayanta. Na'urar tana ciki, wallahi tana ciki, 'yar aba kamar ƙwayar gyaɗa.

Yayarsa… ita ta goya shi, ita ta sayar da awarwaronta ta saya masa keken ɗinki, shi kuwa ya yi shekara shida bai taka ƙofarta ba kan maganar banza. Yanzu tana kwance asibiti, wani gari mai nisa. 'Yarta ta rubuto: Kawu, jiki ya yi tsanani, kai take nema. Ko ya je, me zai ji? Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai, amma ba a gaban gilashin nan ba.

Waya na rawa a aljihunsa. Lambar 'yar Yaya ce.

Ya danna wayar a kunne har ya yi zafi.

"Yaya, ni ne. Faɗi, ina jin ki."

Shiru… irin nasa. Tana magana? Ta gama? Gafara take nema, ko yi masa take yi?

"Na yafe, Yaya. Ki yafe mini."

Ya sake faɗa. Ya kuma faɗa. Bai san inda ake tsayawa ba.