Gilashin Bangon Inna

Gidan da wani tela ya gada ya haura shekara ɗari biyu, shi ya sa ofishin adana kayan tarihi na jiha ya kafa masa allo a ƙofa. Tun daga ranar, ko ƙusa ba ya bugawa sai da izini. Baƙi su zo su ɗauki hoto su kama gabansu, shi kuwa su bar shi da tsagar da ta ratsa bangon ɗakin mahaifiyarsa, daidai saman gadonta. Shekara biyu tsohuwar ba ta taka ƙasa ba, kuma ta rantse gawarta kaɗai za a fitar daga ɗakin nan.

Sau bakwai yana sintiri ofishin kafin su turo wata jami'a. Ta manna wani siririn gilashi mai tsawon yatsa, ya haɗa gefen tsagar biyu, ta rubuta kwanan wata a ƙasa.

"In bangon yana motsi, gilashin zai karye da kansa," in ji ta. "Sai mu ba ka izinin gyara."

"In ya faɗo kafin nan fa?"

"Sai haƙuri, malam. Ƙa'ida ce."

Wata biyu kullum safe yana kakkaɓe ƙasa daga bargon tsohuwa, gilashi kuwa ko gezau. Tsoro ya hana shi sakat. Sau biyu yana ɗinka hannun riga a baibai, mutumin da ake yabo da tsabtar aiki. Ranar da hadarin farko ya taso, ya ɗauki babban almakashinsa ya shiga ɗakin, ya ƙwanƙwasa gilashin da gindinsa. Ƙas!

"Me ke nan, ɗan nan?"

"Ba komai, Inna. Gyara ya zo."

Sai bayan kwana uku jami'ar ta iso. Ta hau kujera ta ɗora ma'auni, ta auna ta sake aunawa. Da ta sauko, ta ja shi tsakar gida.

"Yau za ku tashi. Dukkanku."

Ya yi wuf ya ce, "Ranki ya daɗe, ni na fasa shi! Wallahi da almakashi na fasa. Ki manna wani, zan jira, ko shekara ce."

"Na sani, ai ga wurin dukan nan. Amma zo ka gani."

Ya hau kujerar. Gutsattsarin gilashin biyu da ya bari baki da baki sun saɓa, ɗaya ya zame ƙasa kaurin tsinken ashana. Cikin kwana uku, bangon ya motsa da gaske.

"To ki ba ni izinin, in kira magini yanzu."

"Wannan ya wuce magini. Sai kwamiti ya zauna, a nemo masu sanin irin ginin da."

"Yaushe?"

Ta fara zaro jan ƙyallen rufe ƙofa daga jaka, idonta a ƙasa.

Telan ya koma ciki. Tsohuwa ta ɗago kai, fuskarta fal murna.

"Masu gyaran ne suka zo?"

Ya sunkuya ya zura hannuwansa ƙarƙashinta. Sai a lokacin ta gane, ta damƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Ya shiga ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Yi haƙuri, Inna. Yi haƙuri."