Tayil Na Arba'in Da Bakwai

Tayil na arba'in da bakwai ya ƙi shiga.

Mai tayil ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya hure ƙurar gurbin, ya sake gwadawa. Yana durƙushe a barandar sashen lissafi na jami'a, gabansa faffaɗan katako an jera tayil shuɗaye arba'in da shida a kai, duk siffarsu ɗaya mai kusurwa goma sha ɗaya. Kwana tara ya yi yana yanka su. Shekara arba'in yana wannan sana'a, ya san in tayil ya ƙi wuri ba ya jin rarrashi.

Aikin na autarsa ne. Shekara shida tana neman digiri na uku, yau ƙarfe goma sha ɗaya malamai huɗu za su zauna su tuhumi kundinta. Sau biyu jami'a ta ƙara mata wa'adi, ta ce babu na uku. Abin da ta gano, kamar yadda ta sha faɗa masa, siffa ce guda wadda za ta rufe daɓe komai faɗinsa, ba rami, adon ba zai taɓa maimaita kansa ba, kuma ba a kifa ko ɗaya. Ta ce masana lissafi na duniya farautar irin wannan siffa suke yi. Shi dai ya ce bai taɓa ganin mai gidan da ya nemi daɓen da ba shi da ƙarshe ba, amma ya yanka, don ta nuna wa malamanta da tayil na gaske.

Ya kifa tayil ɗin, bayansa mai toka-toka a sama. Ya faɗa gurbin kamar an haife shi a ciki.

Ya tuna kwalayen da take yankawa a wannan siffa tana jerawa a teburin ɗakinta, farare ne gaba da baya. Kwali ba shi da fuska. Tayil kuwa fuska ɗaya gare shi.

Sai ga Auta ta fito da kundi a ƙirji.

"Baba, har yanzu? Saura minti arba'in."

"Auta, durƙuso nan."

Ya ciro tayil ɗin ya miƙa mata. Ta gwada yadda ya gwada, ta kifa, ta daɗe tana kallo. Ta buɗe kundin tana juya shafuka, ta tsaya a wani zane.

"Shafi na sittin da biyu," ta ce a hankali. "Wannan kaɗai na duba da kwali. Sauran duk a kansa na ɗora."

"Malaminki bai gani ba?"

"Zanen ya gani, Baba. Zane ma ba shi da baya." Ta dubi ƙofar ɗakin taron, ta rage murya. "Ka zo da injin yankan?"

"Yana jaka."

"Ka ɗan ci gefensa. Ɗan kaɗan. Ba wanda zai auna. In na wuce yau, wallahi zan zauna in gyara."

"Auta."

"Ba ka taɓa yi ba? Tun ina ƙarama nake ganin kana yi."

Gaskiyarta. Ya ci gefen tayil a gidajen mutane fiye da gashin kansa, a bayan ƙofa, a gindin bango, inda kujera za ta rufe. Kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya tuna yadda ta bar aikin koyarwa saboda wannan siffa, yadda yayyenta ke kiranta Malama Kusurwa suna dariya, yadda uwarta ta daina tambayar yaushe za a gama. Ya ciro injin, ya warware waya, ya sami wurin jonawa a gindin allon sanarwa. Ya ɗora haƙorin injin a gefen tayil.

Bai kunna ba.

"Kin san abin da na fara koya a sana'ar nan? Gefe a bakin bango ake ci. Wanda ya ci a tsakiyar ɗaki, na kusa da shi ma zai ƙi, sai ya yi ta ci har ya kai bango. Katakon nan guda sittin yake ɗauka. Zan iya cinye miki su kafin sha ɗaya." Ya ɗago ya dube ta. "Amma ke kika ce daɓenki ba shi da bango. Wa zai yi ta ci miki?"

"Shekara shida, Baba."

"Na ƙirga su tare da ke."

"Za su kore ni."

"Mai yiwuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta zauna a ƙasa da kayanta masu guga, ta rufe fuska da kundin. Bai rarrashe ta ba, bai iya ba. Ya naɗe wayar injin a hankali, ya ajiye tayil ɗin kusa da ƙafarta.

Can ta share ido da bakin mayafi. Ta ɗauki tayil ɗin, ta kifa shi da hannunta a gurbin. Ta ɗauki na arba'in da takwas, ya shiga. Na arba'in da tara ma ya shiga. Shi yana miƙo mata, ita tana jerawa, har katakon ya cika, shuɗi ko'ina sai toka guda a tsakiya kamar ido.

Sakatariyar sashen ta leƙo. "Malamai sun zauna."

Auta ta naɗe kunnen shafi na sittin da biyu, ta saƙale kundin a hammata.

"Baba, in sun ce in tafi fa?"

"Kin san hanyar gida. Kama can, katakon da nauyi."