Takin Baba a Tukwanen Auta

"Baba, me kake zuba musu?"

Auta ta daskare a ƙofar rumfar gwaji. Baba na tsugune cikin tukwanen wakenta, hannunsa fari fat da gari.

"Taki mana. Shekara arba'in ina noma, ban taɓa ganin shukar da aka wulaƙanta haka ba."

"Tun yaushe?"

"Kwana biyar. Duk sanda kika bar ni nan kika shiga aji. Layin hagu kawai na samu, buhun ya ƙare."

Da gangan Auta take barin shukokin da yunwa don bincikenta. Akwai wani naman gwari, dangin funfuna, siriri kamar zare, da ke shiga saiwa, ya jawo wa shuka abinci daga ƙasa, ita kuma ta ba shi sukari. Wata shida Auta na neman ƙwayoyin gadon da saiwa ke kunnawa don buɗe wa baƙon ƙofa, ba ta gano su ba. Sati mai zuwa Farfesan da ke duba aikinta zai karɓi sakamako, ko ta maimaita shekara.

Tana hawaye ta yanki saiwoyin layi biyun, ta kai na'ura.

Kwana uku bayan haka sakamako ya fito a allon kwamfuta, Baba na zaune a gefenta. A layin dama ƙwayoyi sha ɗaya sun kunnu tar kamar fitilun titi. A layin Baba duk sha ɗayan sun mutu ɗif.

Dariya ta ƙwace mata. Ta yi juyi da kujera har takalmi ɗaya ya fice.

"Su ne, Baba, su ne! Shukar ta ƙoshi, sai ta kashe su ta rufe ƙofa. Kai ka nuna mini su."

"Wato ta ƙoshi ta kori baƙo? Halin kawunki ke nan sak." Ya gyara zama. "Sunana zai shiga takardar?"

"Da manyan baƙaƙe. Abu ɗaya ya rage, dole in rubuta irin takin. Ina ka samo shi?"

"Bayan waccan ƙofar mai jan rubutu. Ban zo da tabarau ba."

Aka turo ƙofa. Wata doguwar mata ce da farar riga, wadda Auta ba ta taɓa gani ba, riƙe da buhun wayam.

"Shekara biyu ina haɗa garin da ke cikin buhun nan," ta ce a hankali. "Wa ya ce muku taki ne?"