Rariyar Lambun Hajiya Ma'u

Shi ya fara gani. Ko gaban alƙali aka je, haka Baba Gidaɗo zai faɗa: sati uku ke nan da ya ce ana ɗibar tarwaɗar Hajiya Ma'u, lokacin da kyamarori shida ke kafe a katangar lambun, babu wadda ta ga komai. Shi da bai taɓa zama a aji ba, da ya watsa abinci ya ga yadda ruwan ke motsi, ya san kifin ya ragu.

Ga shi yanzu tsaye a rumfar lambun, jiƙe sharkaf har ƙirji, laka na ɗiga daga wandonsa, jiniyar tsaron lambun da ta tashi unguwar gindin Dala ba ta daɗe da yin shiru ba. An sha ruwa da asuba, an ɗauke. Hajiya Ma'u, mai lambun, na zaune a kujerar roba da carbi a hannu. Ɗanta Ikrima, wanda ya kawo kyamarorin, na tsaye da waya. Maƙwabta biyar sun shigo da jin ƙarar, cikinsu har da Sabo baduku, wanda katangar gidansa ke manne da ta lambun ta gabas.

"Baba, kalli nan," in ji Ikrima, ya miƙo wayar. "Wane ne wannan?"

Gidaɗo ya ɗan duƙa. Ga wani tsoho nan siriri ya shiga kududdufin kifin da sanda, yana tsaga ruwa.

"Ni ne. Amma ta rage min tsawo."

"Ba wasa nake ba. Ka shiga ruwa, ka nufi kusurwar da kyamara ba ta kallo, ka yi minti ashirin. Me ka je yi?"

"Aikin da ka sayo ta ta yi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye. Ikrima ya juya wajen mahaifiyarsa. "Hajiya, wata guda ke nan babu wanda ya haura katangar nan. Babu wanda ya taɓa ƙofa. Mutum ɗaya ne kawai yake shiga yake fita, kuma kifi na ƙarewa. Ni ban ce komai ba, na'ura ce ta nuna."

Shekara talatin da ɗaya Gidaɗo na gadin lambun nan, tun marigayi Alhaji, mijin Hajiya, na da rai, tun Ikrima bai iya ɗaura wando ba. Kafin nan ya ga abin da ya gani. Ciwon bushiya ya kwashe shanun ubansa saba'in a damina guda, ya tako Kano a ƙasa da sanda ɗaya, wannan da ke hannunsa. Kububuwa ta sare shi a gindin mangwaron can, ita ta mutu, shi ya ci tuwo da dare. Mota ta kife da su a hanyar Dambatta, shi ya fito yana jan mutane. Duk wannan bai sa an ce masa ɓarawo ba sai yau, kuma wai ƙarfe mai ido ɗaya ne shaida.

"Baffa, ka yi haƙuri," Sabo ya ce cikin taushin murya. "Tsufa ne, da buƙata. Hajiya mai yafiya ce. Ka ba da makullin kawai, a rufa asiri, ba sai an kira 'yan sanda ba."

Gidaɗo ya dube shi tun daga hula har silifa.

"Sabo, ka karya kuwa?"

"Ina na karya? Ina idar da salla na ji jiniya na fito."

"Madalla. To zauna."

Ya juya ga Hajiya Ma'u. Ita kaɗai yake jin nauyi.

"Hajiya, ki tambayi ɗanki. Kyamara shida ya kafa, me ya sa ta gabas take kallon bishiyar gwaiba?"

Ikrima ya yi tsaki. "Kowa ya san wannan. Tana leƙa tsakar gidan Malam Sabo. Ya kai ƙara wajen mai unguwa cewa iyalinsa na wanki da girki a waje, aka ce a juya ta. Kuma gaskiyarsa ce. Ni ma ba zan yarda a kafa wa matata ido ba."

"Gaskiyarsa ce ɗari bisa ɗari. Da ni ne ma jifanta zan yi. To yaushe aka juya ta?"

"Farkon damina."

"Yaushe na ce maka kifi na raguwa?"

Ikrima ya sauke wayar.

Gidaɗo ya dogara sandarsa, ya yi magana a hankali, yadda ake yi wa wanda ya yi karatu da yawa. A kusurwar gabas akwai rariya, ya ce, wadda marigayi ya gina don in kududdufi ya cika ruwa ya samu hanya. Rariyar ta bi ta ƙarƙashin katanga, ta ratsa tsakar gidan Sabo, sannan ta faɗa kwatar lungu, kamar yadda rariyoyin cikin gari ke bi gida gida tun kakanni. A bakinta akwai ragar ƙarfe, shi da hannunsa ya ɗaura ta. Ita kuwa tarwaɗa, duk wanda ya zauna da ita ya san halinta: da ta ji ruwa na gudu sai ta bi.

"Yau da ruwa ya ɗauke na ce sai na taɓa ragar nan da hannuna. Na shiga. An yanke ta, Hajiya, yankan almakashi, an naɗe ta gefe tsaf. Ba daga cikin ruwa aka yanka ba, bakin wayar ragar ciki yake kallo. Na zura sanda iya tsawonta. Can ƙarshe na taɓo buhu, irin na albasa mai huji huji, abu na ta mutsu-mutsu a ciki. Ɓarawonki bai taɓa haura katanga ba. Yana zaune a gidansa, sama ta yi ruwa, kifi ya kai kansa."

Maƙwabtan suka daina kallon Gidaɗo.

"Wannan ƙazafi ne," in ji Sabo. "Shekara nawa muna tare? Ni da nake sahu ɗaya da marigayi? Wa ya san ruwan nan kamar shi? Shi zai yanka ya ɗora min."

"Zai yiwu," Ikrima ya ce, amma muryarsa ta sauka. "Baba, ba ka da shaida. Babu hoto."

"Hoto." Gidaɗo ya tofar da yawu gefe. "Kai in ba a waya ka ga abu ba, bai faru ba. To ni ba zan shiga gidan Sabo ba, gidan matan aure ne. Kai ma ba za ka shiga ba. Ƙarfenka ma mai unguwa ya hana shi. Da wannan ya dogara, kuma ya yi dabara, na yaba masa. Abu ɗaya ya manta. Mai kifin mace ce."

Hajiya Ma'u ta tsayar da jan carbin.

"Hajiya, tsakaninki da ƙofarsa taku ashirin ne. Ki yi sallama, ki ce kin zo yi wa matarsa Husaina barka da ruwa. Ki duba gindin katanga, bayan randuna. Ita baiwar Allah ba ruwanta, abin da miji ya kawo take soyawa."

Sabo ya miƙe. "Husaina ba ta jin daɗi, tana kwance. Bari in je in sanar da ita, ta kintsa."

Sandar ta riga shi isa bakin rumfar. Gidaɗo bai ɗaga ta ba, gicciye ta kawai ya yi.

"Ka ce ba ka karya ba, za a kawo koko. Wayar ma mayar da ita aljihu." Ya waiwayi Ikrima. "Jiniyarka ta yi rana sau ɗaya, ban hana ta ba. Ta fito min da shi kafin ya ɗaga buhun."

"Malam Sabo," Hajiya Ma'u ta ce, karo na farko da ta buɗe baki, "in Husaina ba ta da lafiya, ai dubiya ta kama ni."

Ta gyara mayafinta, ta zura takalmi, ta bi ta gefen sandar ta fita. Suna jin takunta a cikin taɓon lungu, sannan sallamarta, sannan muryar mace ta amsa garau daga ciki.

Gidaɗo ya kwance igiyar da ke ƙugunsa, ya zare makullan lambun guda uku, ya ajiye su a kan kujerar da ta tashi. Sanyi ya fara kama shi, amma ya ƙi zama. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ta Ikrima.

"Ga su nan. In ta dawo hannu rabbana, ba sai ka kira kowa ba, da ƙafata zan kai kaina ofishin 'yan sanda, a jiƙe haka. Amma duk wanda har yanzu yake ganin ni ne, kada ya jira ta dawo. Ya taso yanzu ya ɗauki makullan nan a gabana."